Launi Kafin Rubutu: Yadda Tambarin Kamfani Ke Tsare Kuɗin Mutanen Geskeru A Fuskar Waya

A kwarin Kogin Komadugu Yobe, wanda ya zama iyaka tsakanin jihar Diffa ta Jamhuriyar Nijar da arewa maso gabashin Najeriya, ba sai mutum ya yi boko zai san takardar kuɗin da aka miƙa masa ba. Jika goma ta CFA launin shunayya ce, jika biyar koriya, jika biyu shuɗiya, jika ɗaya ja. Haka suke tun 2003 da babban bankin ƙasashen yankin, BCEAO, ya fito da su. Tsohuwar da ke sayar da bandar kifi za ta ƙirga cinikinta daidai ba tare da ta karanta lamba ko ɗaya ba.

Yanzu wani kaso na wannan kuɗi ya bar takarda ya koma cikin waya, amma idon da ke gane shi bai sauya ba. Har yanzu launi da alama yake nema. Shi ya sa zaɓen suna da tambari da launin kamfani, da yadda ake jera su a shafin intanet ko manhaja, wanda a birane ake ɗauka aikin ado ne, a garuruwa irin su Geskeru yake iya zama abin da zai sa kuɗin mutum su iso hannunsa ko su faɗa hannun ɗan damfara.

Garin da yaƙi ya raba da kasuwarsa

Geskeru, wanda takardun hukuma ke rubutawa Gueskérou, gunduma ce a gabashin birnin Diffa, a bakin kogi. Arzikinta tattasai ne, wanda ake nomawa da ban-ruwa idan kogin ya kawo, a shanya shi, a ɗura a buhu a tura kasuwannin Najeriya. Sai kifi da kiwo.

A ranar 6 ga Fabrairun 2015 mayaƙan Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka rufe wasu kasuwanni, aka taka wa cinikin tattasai da kifi birki bisa zargin cewa mayaƙan na samun kuɗi daga gare su. Bayan harin Bosso na watan Yunin 2016, dubban iyalai suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya ta ƙasa mai lamba 1, a wurare irin su N'Gagam da Kindjandi da Garin Wanzam.

Kafin wannan lokaci, aika kuɗi lamari ne na sanayya. Akwai direban da aka sani, akwai ɗan kasuwar da zai karɓa a Maiduguri ya sa a bayar a Diffa. Gudun hijira ya tarwatsa wannan zumunci. Mutum ya wayi gari a cikin baƙin fuskoki, ɗansa yana Yamai, mai nisan sama da kilomita 1,300, ko Agadas, ko Libiya, ko Legas. Dole ya dogara da wanda bai san ubansa ba: shagon aika kuɗi, ko saƙon da ya shigo waya. A nan ne tambari ya karɓi aikin da a da fuskar mutum take yi.

Abin ba baƙo ba ne a yankin. Makiyaya Tubawa da Larabawa da Fulani sun daɗe suna yi wa raƙuma da shanu shaida da ƙarfe mai zafi, ta yadda a kasuwar N'Guigmi za a kalli dabba a san zuriyar da ta mallake ta. Kalmar da Turawan Ingila ke kiran tambarin kamfani da ita ma asalinta daga wannan ƙuna ta jikin dabba ta fito. Haka 'yan kasuwar tattasai ke zana alamarsu da fenti a jikin buhu domin kada kaya su cakuɗe a mota.

Bango da waya su yi magana ɗaya

Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa manya masu iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, kuma mata da mutanen karkara sun fi ƙasa da haka. A Geskeru ana jin Barbarci da Fulatanci da Hausa, amma yawancin manhajojin kuɗi da saƙonnin kamfanonin waya da Faransanci suke zuwa. Kundin da hukumomin Nijar suka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, sai dai doka ba ta sauya abin da ke kan fuskar waya dare ɗaya.

A ce wata uwa a Kindjandi ɗanta ya kira ta daga Agadas ya ce ya turo jika ashirin. Ba za ta karanta sunan kamfanin ba. Abin da zai gaya mata shi ne ta je shago mai fenti kaza. Idan ta je, ta ga allon da ke ƙofa da rigar ma'aikaci da rasit duk launi ɗaya ne da alama ɗaya, hankalinta ya kwanta. Idan jikanta ya buɗe manhajar kamfanin a waya ta ga wannan alamar dai, ta san gida ɗaya ne. Amma idan bango ja ne, rasit fari, manhaja kuma shuɗiya da wani tambari na dabam, ba ta da hanyar tabbatar da cewa ba yaudara ba ce.

Kamfanin Safaricom na Kenya ya gane haka tun da ya fito da M-Pesa a watan Maris na 2007. Ya shafe shagunan wakilansa da koren fenti iri ɗaya tun daga Nairobi har ƙauyukan kan iyaka, ya zamana mutum na hango wurin cire kuɗi daga nesa kafin ya karanta komai. A Senegal, kamfanin Wave ya ɗauki shuɗi mai haske da hoton wani tsuntsun ƙanƙara wanda babu wanda ya taɓa ganinsa a Sahel. Rashin saninsa ma ya taimaka, domin babu wani mai sana'a da ke amfani da irinsa. Tsuntsun yana kan katin da ake bai wa marasa babbar waya, yana kan allon shago, yana kan manhaja.

A Nijar, kamfanonin aika kuɗi na cikin gida irin su Nita da Amana da Al Izza sun gina sunansu ne a kan titi, da rassa a tashoshin mota da bakin kasuwanni, kafin Nita da Amana su fito da manhajojinsu, MyNita da AmanaTa. Darajarsu ta ƙara fitowa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin ECOWAS ya rufe iyakoki ya kuma jawo ƙarancin tsabar kuɗi a bankuna. Zaɓen suna kamar Amana ma dabara ce babba: kalma ce da Bahaushe da Babarbare da Bafulatani da Balarabe duk suka san nauyinta, ba ta bukatar tafinta.

Hakan na shafar 'yan ci-rani kai tsaye. Wanda ke Tamanrasset ko Kano zai iya kwatanta manhajoji biyar ya ga wadda cajinta ya fi sauƙi, amma a ƙarshe wadda mahaifiyarsa ta san ƙofarta zai zaɓa. Mai karɓa ne ke yanke hukunci, ko da bai taɓa buɗe manhajar ba.

Suna biyar a kan layi ɗaya

Masu layin waya a Nijar sun sha ganin sauyin suna. Celtel ya koma Zain a 2008. A 2010 kamfanin Bharti na Indiya ya sayi harkokin Zain na Afirka kan dala biliyan 10.7, aka wayi gari komai ya zama jan Airtel. A Najeriya abin ya fi haka: layi ɗaya ya amsa sunan Econet, da Vmobile, da Celtel, da Zain, sannan Airtel, duk cikin shekara goma. Orange, wanda ya shigo Nijar a 2008, ya sayar da hannun jarinsa a watan Nuwamban 2019 ga Zamani Com na Mohamed Rissa, mai motocin Rimbo, da Moctar Thiam, daga baya sunan ya koma Zamani Telecom. Moov kuma ya zama Moov Africa a farkon 2021.

A ofishin kamfani, sauya suna taro ne da sababbin alluna. A karkara kuwa, duk wani darasi da aka koya wa mutum da ƙyar ya goge, sai an sake daga farko.

Akwai misali a jihar Tawa. Bayan farin 2009, ƙungiyar agaji ta Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 a shekarar 2010, wasu a hannu, wasu ta hanyar Zap, tsarin aika kuɗi na Zain. Binciken da Jenny Aker ta Jami'ar Tufts ta Amurka da abokan aikinta suka yi ya gano cewa matan da suka karɓa ta waya sun rage tafiya da zaman layi, kuma abincin gidajensu ya fi na sauran yawan nau'i. Sai dai a shekarar da aka koya wa waɗannan mata sunan Zap, a ita ce aka sayar da kamfanin, sunan ya bi Zain ya tafi.

Lamarin ya fi tsanani ga masu ƙananan wayoyi, waɗanda su ne suka fi yawa a wurare irin su Geskeru. A can babu launi, babu hoto. Akwai lambar da ake dannawa da alamar tauraro, sai jerin zaɓi ya fito da baƙin rubutu. Wanda ba ya karatu haddace jerin yake yi: danna ɗaya, danna biyu, sa lamba, sa kuɗi, sa lambar sirri. A irin wannan waya, tsarin jerin shi ne kaɗai tambarin da kamfani yake da shi. Ranar da wani injiniya a Yamai ya cusa sabon talla a lamba ta biyu ya tura aika kuɗi zuwa ta uku, ya sa mutane sun sayi abin da ba su yi niyya ba, ko sun miƙa wayarsu da lambar sirrinsu ga wani yaro ya taya su. Daga nan sata ke farawa.

Mutanen kogin sun ɗanɗana irin wannan ruɗani a takardar kuɗi ma. Saboda cinikin tattasai da kifi da dabbobi duk Najeriya yake fuskanta, naira tana yawo a kasuwannin Diffa kafaɗa da kafaɗa da CFA. Da Babban Bankin Najeriya ya sauya launin takardun 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022 ya kuma sa wa tsofaffin wa'adi, masu riƙe da naira a wajen Najeriya, waɗanda ba su da asusun banki a can, suka shiga zullumin wacce za su karɓa, wacce za su ƙi. Hotunan da ke jiki ba su sauya ba, launi kawai aka taɓa, amma ya isa ya tsayar da ciniki.

Ɓarawo ma ya san darajar tambari

Duk alamar da jama'a suka yarda da ita, ita ɗan damfara zai ara. A zaurukan WhatsApp ana yawan yaɗa saƙonni masu ɗauke da tambarin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ko na kamfanonin waya, ana cewa an buɗe tallafi ko ɗaukar ma'aikata, a danna a cike suna da lambar waya, a tura wa mutum goma. Hukumomin sun sha fitar da sanarwar cewa ba sa karɓar kuɗi a wajen mai neman aiki ko tallafi. A yankin da dubban iyalai suka shekara suna karɓar abinci a buhu mai tambarin Hukumar Abinci ta Duniya, ganin wannan shuɗin rubutu kaɗai ya isa ya sa mutum ya saki jiki.

Wani zai ce ke nan tambari mai ƙarfi haɗari ne. Gaskiya akwai haɗarin, amma kamfanin da ba shi da tsayayyar kama ya fi sauƙin kwaikwayo. Idan yau saƙonsa ya zo daga wannan suna, gobe daga wata lambar waya, shafinsa na Facebook uku ne kowanne da hotonsa, adireshinsa na intanet bai yi kama da sunansa ba, babu yadda abokin hulɗa zai gane na jabu, tunda na gaskiyar ma bai da siffa ɗaya. Wanda ya tsaya a kan suna ɗaya na aika saƙo, adireshi ɗaya, da kalmomi iri ɗaya a kowane rasit, ya bai wa mutane ma'aunin da za su gwada duk abin da ya zo musu. Hatta ƙarshen adireshi yana da amfani: shafukan Nijar na ƙarewa da .ne, na Najeriya da .ng, kuma na gwamnatin Nijar galibi da gouv.ne.

Masu karatu ma ba su tsira daga hukuncin ido ba. A wani bincike da B.J. Fogg na Jami'ar Stanford ya jagoranta a 2002, an sa mutum sama da 2,600 su auna sahihancin shafukan intanet, kuma kusan kashi 46 cikin 100 na bayanansu a kan kamannin shafin suka tsaya. A 2006 masu bincike a Jami'ar Carleton ta Kanada suka nuna cewa kashi ɗaya cikin 20 na daƙiƙa ya ishi mutum ya yanke ko shafi ya yi masa ko bai yi ba. Waɗannan mutane ne da suka iya karanta duk abin da ke shafin, balle wanda launi da alama ne kaɗai abin da yake da su.

Abin da ake mantawa a ɗakin sanyi

Yawancin masu tsara manhajoji suna aiki ne a babbar kwamfuta, a inuwa, da intanet mai gudu. Mai amfani da ita a bakin Komadugu yana tsaye ne a rana, da Tecno ko itel mai tsagaggen gilashi, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Rubutu ruwan toka a kan fari, wanda ya yi kyau a ofis, ɓacewa yake yi a hasken azahar. Tambarin da aka cika wa zane da ƙananan haruffa ba ya ganuwa idan ya koma girman farce a fuskar waya. Shafin da ya buɗe da bidiyo ya cinye datar mutum kafin ya nuna farashi.

Sai batun lissafi. A Nijar da dala ake ƙirga: dala ɗaya tamma biyar ce, dala ashirin ita ce 100, jika ɗaya 1,000. Mutum na cewa jika biyar, waya na nuna masa 5000, sifili ɗaya ya ƙaru ya zama jika hamsin. Manhajar da za ta nuna hoton takardar kuɗin da launinta kusa da lambar kafin a tabbatar da aikawa ta yi magana da harshen da kowa ke ji a kasuwa.

Haruffa ma wani tarko ne. Kamfani zai zaɓi salon rubutu mai kyau ya mayar da shi nasa, sai ranar da aka fassara shafin zuwa Hausa a ga ƙ da ɗ da ɓ sun zama akwatuna, ko a cire musu lanƙwasa baƙi ya koma baki. Barbarci ma yana da nasa haruffan, irin su ǝ. Akwai salon rubutu na kyauta da ke ɗauke da su duka, kamar Noto na Google, don haka rashinsu sakaci ne kawai.

Ba a banza WhatsApp ya mamaye yankin ba. Koren tambarinsa bai gusa ba, kuma tun 2013 da ya kawo saƙon murya, hoton makirfo yana nan a kusurwar da babban yatsa ya saba. Wanda bai san harafi ɗaya ba yana aika gaisuwa Tripoli. A gefe guda kuma, tun Yulin 2023 Elon Musk ya sauya Twitter zuwa X, amma har yau kafafen labarai na ƙarawa da cewa wanda a da ake kira Twitter.

Duk da haka, fenti ba ya biyan kuɗi. Idan uwar nan ta Kindjandi ta biya mota zuwa shago sau biyu ana ce mata babu tsabar kuɗi ko sabis ya ɗauke, launin da ya jawo ta shi ne zai riƙa tuna mata da wahalar, kuma za ta gaya wa ɗanta ya sauya kamfani.

Tattasan da ba shi da suna

A 2023 hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, OAPI, ta miƙa wa Nijar takardun shaidar asali na kilishin Nijar da albasar Galmi, wato sunayen sun zama dukiyar da doka ke karewa. Tattasan Diffa kuwa, wanda ake yi wa kirari da jan zinariya, yawanci a buhu yake tsallaka iyaka, a niƙa shi a wani gari, ya shiga miya babu wanda ya ambaci Geskeru. Alamar da ke jikin buhun ta dillali ce, tana ƙarewa ne a inda aka sauke kaya.

Hanyoyin da za a kai sunan gaba suna ƙaruwa. Diffa tana da jami'arta tun 2014. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin kai sadarwa da hada-hadar kuɗi ta waya ƙauyukan Nijar, kuma a 2025 Starlink ya fara aiki a ƙasar. Matasa a Diffa da Damagaram da Maraɗi suna tallata yaji da kilishi da turaren wuta a WhatsApp da TikTok, wasu ga 'yan uwansu da ke Turai da ƙasashen Larabawa.

Sai dai da yawansu suna sauya hoton shafinsu duk mako, sunan da ke kan leda dabam, na Facebook dabam, lambar da ake tura kuɗi kuma da sunan wani ƙane take fitowa. Mai saye a Jidda da zai biya kafin ya ga kaya, da zarar ya zo tura kuɗi ya ga sunan da bai sani ba, yakan dakata ya kira wani ɗan uwa a Diffa ya je ya duba masa ko shagon yana nan.